Dirka Huɗu na Rumfar Manomi

Akwai wani manomi da ya sari dirka huɗu daga cediya ɗaya, ya kafa rumfa, ya yi mata jinka, ya ɗora dammunan dawarsa a sama saboda laima. Dawar nan ita ce abincin gidansa har sabon gero ya nuna.

Dirka uku ɗanyu ya kafa su, da ɓawonsu, suka kama ƙasa suka yi ganye. Ta huɗun kuwa ta fi su miƙewa, sai ya fere ta, ya shanya ta ta bushe, ya kafa ta a gaba inda baƙi za su gani. Duk wanda ya shigo sai ya yaba, shi kuwa kansa ya yi ta kumbura.

Da marka ta sauka, sai ga laimar kwaɗi ta fito a gindin kyakkyawar dirkar. Mutumin nan akwai son sanin ƙwaƙwaf. Ya tsinke ta, ya juya ta, ya shinshina, bai ga saiwa ba, bai ga ganye ba. Ya kife ta a bayan tukunya, da gari ya waye ya tarar da wani gari mai laushi ya zuba daga ƙarƙashinta.

"Saraya, zo ki ga ikon Allah!" ya ce wa matarsa.

"Na gani, Maigida. Bari in sami tukunyata."

Kullum ya tsinke, kullum wata ta fito. Abin ya ɗaure masa kai, ya kira wani tsohon masassaƙi, Baba Irmiya. Tsohon ya sa wuƙa a dirkar, wuƙa ta shige ba gardama. Ciki duk farin zare ne, siriri kamar saƙar gizo.

"Ka ga mai gidan," in ji Baba. "Abin da kake tsinkewa 'ya'yansa ne kawai. Garin da ka gani shi ne irinsa, iska ke yawo da shi. Shi kansa yana ciki yana cin itacen."

"To Baba, ai iskar ta taɓa duka huɗun. Me ya hana shi cin sauran?"

Tsohon ya tsaga ɗaya daga cikin masu ganye. Nan take farin ruwa ya tsattsafo ya rufe wurin.

"Wannan tana da rai, tana faɗa. Waccan ba mai tare mata. Ka sauya ta yau."

Manomi ya yi godiya, ya yi ta ba maƙwabta labarin zaren. Amma da ya dubi dirkarsa mai sheƙi, sai ya ji ba zai iya cire ta ba. Ya ce sai an gama noma na biyu.

Ran nan da la'asar aka yi ruwa da iska. Dirkar ta karye, rumfa ta tuntsure ta gaba, dawa ta zube cikin taɓo. Sauran ukun suna nan tsaye. Saraya ta durƙusa tana tsintar zangarniya a cikin ruwa. Ganin haka ya fi masa zagi ciwo, don saura wata guda gero ya nuna.

Ma'anar misalin nan ita ce: irin funfuna, wato farin zaren nan da ya cinye dirkar, yana cikin iskar da dukanmu muke shaƙa. Allah ya sa wa jiki garkuwa mai yaƙarsa kullum, shi ya sa ya fi kama wanda ciwo ko yunwa suka raunana. Haka jaraba take, ba wanda ba ta sauka a kansa. Mai saiwa cikin Almasihu, ko an ji masa rauni, rai na ciki yana rufe wurin. Amma wanda ya bar addu'a, ya tsaya gyaran waje don a yaba masa, ana cinsa daga ciki. Mugun halin da kake tsinkewa kowace Lahadi yana dawowa Litinin, ka duba abin da yake haifarsa.

Manomin nan ya san komai game da zaren, 'yan'uwa, har ya koya wa wasu. Dirkar ce kawai bai sauya ba.