Katangar Rijiyar Dogara

Akwai wani magini a wani gari mai rijiya ɗaya tak. A dā ba a barin majema su jefa guga a rijiyar, wai hannunsu yana warin fata. Sai su tsaya daga nesa da tuluna, in an ga dama a zuba musu. Wani mutum mai suna Dogara ya ce bai yarda ba. Ya karɓi gugan majema ya jefa a idon jama'a, aka yi masa dūka har aka karya masa hannun dama. Bai daina ba sai da rijiya ta zama ta kowa.

Bayan rasuwarsa, dattawa suka kira maginin ya gina mutum-mutumin Dogara a bakin rijiya. Nan gardama ta kaure. Majema suka ce a yi shi da guga da karyayyen hannunsa, yadda suka san shi. Dattawa suka ce atafau, wannan tonon asiri ne, gama iyayensu ne suka karya hannun. A yi shi da babbar riga da hannu lafiyayye, a kuma kewaye shi da rijiyar da katanga kada a ɓata shi da taɓo. Magini bai ji daɗi ba, amma yana tsoron manya, ya yi yadda suka ce.

Ranar buɗewa ana tsakiyar bazara, rana kamar wuta. Manyan gari suna ciki a inuwa, dogari yana tsaye a ƙofa. Sai ga wata tsohuwa daga unguwar majema, tulu a kanta, jikanta yana kwance a gida da zazzaɓi. Dogarin ya tare ta, ya ce daga yau ba a shiga da ƙazanta. Ta leƙa ta tambayi magini ko wane ne wancan mai babbar riga. Ya faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ce, “Ɗana, ba shi ba ne. Dogara ba zai tsaya yana kallona da tulu ba ruwa ba.”

Kunya ta rufe magini. Ya ɗauki gudumarsa ya nufi mutum-mutumin. Dattawa suka miƙe, wani ya ce a riƙe shi kafin ya fasa mutum-mutumin. Amma ya wuce shi bai taɓa ba, ya je ya dinga dukan katangar da ya gina da hannunsa, har ta buɗe hanya ta wajen unguwar majema. Tsohuwa ta ratsa ta jefa guganta. Daga ranar babu babban da ya ƙara ba magini aiki a garin.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: girmama adali bayan ya mutu ba wuya, gama ba ya iya tsawata mana kuma. Mu ma muna rataye gicciye a wuya, muna shafa masa fenti a bangon majami'a, alhali akwai waɗanda ba mu so su zauna kusa da mu a benci. Ubangiji ba ya duban kyan ginin da muka yi wa bayinsa, yana duban wanda muka bari a waje. In ka san katangar da hannunka ya gina, kada ka jira wani ya rushe maka ita. Za ka yi hasara, amma mai ƙishi zai sha.