Dokta Issahaku da Ajin da Aka Kai Masa Salaga

Akwai wata baiwar Allah mai suna Nadiya, 'yar Bawku, wadda wata kwaleji a Yendi ta ɗauka don ta shirya karatu ta intanet. Ita ke ɗaukar lakca a bidiyo, ita ke haɗa malamai da ɗaliban da ke nesa.

Tun zuwanta Dokta Issahaku ya tsane ta. Dattijo ne, malamin tarihi a kwalejin, mutumin Salaga, kuma bai iya ɓoye ƙiyayya ba.

A taron malamai ya miƙe ya nuna ta da yatsa. "An kawo yarinyar nan ne ta kore mu. Yau a naɗi muryarka, gobe a ce ka tafi gida, waya ta isa."

Nadiya ta ce, "Dokta, wallahi ba haka ba ne..."

"Rufe mana baki! Ina koyarwa kina goye a bayan uwarki."

Abin bai tsaya nan ba. Ya gargaɗi ɗalibansa cewa duk wanda ya gani a ofishinta kada ya sa ran cin jarrabawarsa. Rannan ya tarar ta kafa kyamara a ajinsa bisa umarnin shugaban kwaleji, ya tattara kayan ya watsar waje, ɗalibai na kallo. Ta durƙusa tana tsincewa, idonta cike da hawaye.

Ana nan, sai mota ta buge shi a kan babur, ƙugunsa ya karye. Aka kai shi gida Salaga, likita ya ce zai daɗe bai taka ba.

Shugaban kwaleji ya kira Nadiya. "Ki shirya wani malami ya karɓi ajinsa. Shi kuma za mu duba maganar ritayarsa."

Gaskiya, da farko wani daɗi ya ratsa ta. Amma kafin ta kai ofis jikinta ya yi sanyi. Idan ta yi haka, maganar Dokta ta tabbata ke nan, da hannunta aka kore shi. Ta koma ta roƙi shugaba ya ɗan dakata, ta hau motar Salaga da kwamfutarta.

Matarsa, Hajiya Amamatu, ta shigar da ita ɗakin da yake kwance. Yana ganinta ya ɓata rai.

"Kin zo ki ga ƙarshena? Hajiya, fitar min da ita!"

"Sannu da jiki, Dokta. Ajinka na kawo maka."

Ya juya fuska bango. Nadiya ta ɗora kwamfutar a kan kujera ta kunna, ta haɗa shi da ajinsa na Yendi kai tsaye. Muryoyin ɗalibai suka cika ɗakin: "Sannu Dokta! Allah ya ƙara sauƙi!"

Bai ko motsa ba. Nadiya ta fara tunanin ta yi zuwan banza.

Can sai wani ɗalibi mai suna Wahabu ya ce, "Dokta, wai gaskiya ne a nan Salaga ake noman goron da fatake ke kai wa ƙasar Hausa?"

Tsohon ya juyo a fusace. "Wane jahili ya gaya maka? Daga kurmin Asante ake kawo shi! Kakannina a kasuwar nan suke saye. Ku ɗauki biro!"

Bai yi shiru ba sai da aka kira azahar. Haka ya ci gaba da koyarwa daga kan gadonsa, maganar ritaya kuwa ta mutu.

A wannan ranar ta farko bai ba ta haƙuri ba. Amma tana naɗe wayoyinta, ya yi gyaran murya, idonsa na kallon rufi, ya ce, "'Yata, gobe ƙarfe nawa?"

Darasi: Idan Allah ya ba ka dama a kan wanda ya wulaƙanta ka, kada ka zama abin da ya zarge ka da shi. Ka taimake shi ko bai gode ba. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.