Ƙulli na Biyar a Igiyar Korau

An ce wai a cikin laifuffukan ɗan Adam babu mai muni kamar mutum ya yi ɓarna da hannunsa, ya wanke hannun, sa'an nan ya ɗauki ɓarnar ya jingina wa Ubangijinsa, ya ce ƙaddara ce. Ɓarawo ma ya fi irin wannan mutunci, don shi bai taɓa cewa aiko shi aka yi ba. To, ku saurara.

An yi wani alƙali, Malam Ukashatu, a wani gari na yamma wanda yau ko kufansa ba a gani. Tsoho ne, karatu ya rage masa gani, kuma ya binne 'ya'yansa huɗu da hannunsa. Ba ya gaggawa, ba ya dariya a zauren shari'a.

A garin nan masu yasar rijiya suna da wata al'ada. Idan tsohuwar rijiya ta cushe, ba a shigarta sai mai ita ya sa zakara cikin kwando tun ana gobe, ya zura shi da igiya mai ƙulle-ƙulle, tsakanin kowane ƙulli da ɗan'uwansa gaba guda, wato tsawon hannu biyu a buɗe, har kwandon ya kai ƙasa. In zakara ya fito da rai, madalla. In ya fito matacce, to muguwar iska ta kwanta a ciki, sai an kwana bakwai ana zura ganye ana fifita ta kafin mutum ya sa ƙafa. Da safe mai yasa zai tambaya, "Ya fito?" Mai rijiya ya ce, "Ya fito," ya miƙa masa zakaran ya zama nasa. Ba rantsuwa, ba shaida. Tun kaka da kakanni ba a taɓa jin wanda ya yi ƙarya a kan wannan ba, don haka babu wanda ya taɓa tunanin ya sake gwadawa.

Akwai wani mai lambu, Korau, mutumin sahun gaba a masallaci, carbi ba ya barin hannunsa. Ana tsakiyar rani rijiyar lambunsa ta cushe, ga albasa saura mako biyu a cire. Ya kira Cindo mai yasa. Cindo ya zo ranar Laraba da 'ya'yansa biyu, Tanimu da Barmo, babban magidanci ne, ƙaramin kuwa an sa masa ranar aure. Cindo ya ce, "Ya fito?" Korau ya ce, "Ya fito." Ya ba shi farin zakara, aka aika da shi gida.

Cindo ya shiga da hantsi. Igiya ta yi nauyi, ta yi nauyi, sai ta saki. Tanimu ya leƙa ya ce, "Baba!" Shiru. Ya bi shi. Barmo ya kira yayansa, shiru, ya ɗaure igiyar a jikin itacen marke da ke kusa da rijiyar, shi ma ya bi. Babu wanda ya ji ihu. Da ƙugiya aka fito da su ukun, ba ƙwarzane ko ɗaya, fuskokinsu kamar na masu barcin rana.

Matar Cindo, Kuluwa, ba ta yi kuka ba. Tana cikin takaba, amma kullum in rana ta take tsaka, lokacin da inuwar mutum ke shiga ƙarƙashin ƙafarsa, sai a gan ta ta fito da baƙin zane ta nufi lambun. Ta dafa bakin rijiya, ta sunkuya, ta ce, "Kana nan? In kana nan, ina Kake ranar Laraba?" Rijiyar ta maido mata da muryarta a daƙushe, kamar wani ne can ƙasa ke maimaitawa. Kowa ya san da Wa take. Tsuntsaye suka daina sauka a kan marken. 'Yan ƙwadagon lambu suka gudu ɗaya bayan ɗaya, mata suka canja hanyar zuwa kasuwa.

A rana ta ashirin Korau ya kai ƙara.

Ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, matar nan ta yi saɓo. Tana cewa babu Allah, a fili, a lambuna. Mutuwa dai ƙaddara ce, babu mai tafiya sai ranarsa ta yi. Ni ma abin ya taɓa ni. Amma in aka bar ta, za ta jawo mana fari. A yi mata bulala, a fitar da ita daga gari."

Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Alƙali ya dubi Kuluwa ya ce, "Baiwar Allah, haka kika ce?"

Ta ce, "Malam, ni ban yi karatu ba. Kai ka yi, sai ka faɗa mini. Cindo bai taɓa fashin salla ba. Yaran nan ba sata suka je ba, ubansu suka bi. In yana gani, kuma yana iyawa, me ya hana Shi riƙe igiya ɗaya? In ba ya iyawa, to wa muke roƙo? In kuwa yana iyawa Ya ƙyale, to me muka yi Masa? Na duba tambayoyin nan duka uku, Malam. Wanda ya fi mini sauƙi shi ne babu kowa a can."

Zaure ya ɗauki salati. Wani dattijo ya toshe kunnuwansa.

Malam Ukashatu ya sunkuyar da kai. Ya san tambayar nan, don ta taɓa kwana a ƙirjinsa ranar da ya binne ɗansa na huɗu, bai dai furta ba. In ya saki matar, gari zai ce alƙali ya yarda da saɓo. In ya kore ta, ya kori wadda ba ta da kowa a duniya, bisa tambayar da shi kansa ba shi da amsarta. Can sai ya ɗago, ya yi tambayar da babu wanda ya zata.

"Zakaran da aka ba mijinki, yana nan?"

Kuluwa ta ɗago ta dube shi. Ta ce, "Yana nan. Na kasa yanka shi." Ta ƙara da cewa, "Malam, shekara talatin ina karɓar zakarun rijiya. Duk wanda ya shiga ya fito, wuni guda yake yi a raɓe jikin bango, ba ci ba cara, yana warin laka. Wannan kuwa ana ajiye shi ya haye rumbu ya yi cara. Na gani. Na ce a raina, wannan dai mai ƙarfin hali ne. Na ci gaba da dakana."

A nan ne ta yi kukanta na farko.

Korau ya yi caraf ya ce, "Zakara ai kowa da halinsa! Na zura shi har ƙasa, ƙulli goma sha biyu, ya fito garau. Iska ta sauka daga baya, ikon Allah ne."

Alƙali ya ce, "Goma sha biyu?"

"Goma sha biyu cif, Allah ya gafarta Malam."

"To. Gobe da rana tsaka, a bakin rijiya."

Washegari gari ya taru a lambun, amma nesa-nesa, babu mai son matsawa. Albasa ta bushe ta kwanta. Ba iska, ba kukan tsuntsu. Igiyar tana nan ɗaure a jikin marke tun ranar da Barmo ya ƙulla ta, babu wanda ya iya kwancewa. Alƙali ya sa aka shimfiɗa masa buzu dab da bakin rijiyar, dogarai huɗu suka tsaya a bayansa.

Ya ce, "Jama'a, mutum biyu ne a gabana. Ita ta ce babu mai tsaro. Shi ya ce akwai, kuma babu mai tafiya sai ranarsa ta yi. Ita ba ta da hujja sai kaburbura uku. Korau, kai ne mai imani, kai za ka kawo taka hujjar a gaban idonta. Za a zura ka. Ba zan kai ka ƙasa inda suka faɗi ba, ni ba azzalumi ba ne. Ƙulli shida kawai, rabin inda zakaranka ya je ya dawo garau. In ka fito, kafin la'asar Kuluwa ta bar garin nan."

Korau ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Allah ya gafarta Malam, ai ba a gwada Ubangiji."

"Ba Shi nake gwadawa ba."

"Ƙafata tana ciwo tun jiya."

"Ba da ƙafa za ka sauka ba, Korau, da igiya ne. Ko tsoro kake mutuwa ta zo maka ba ranarta ba?"

Wani daga baya ya yi dariya, ya kuma haɗiye ta da sauri. Korau ya dubi jama'a, ya ga idon kowa a kansa. In ya ƙi, ya ƙaryata kansa. Ya miƙa hannu aka ɗaura masa igiya a ƙugu.

Alƙali ya ce, "Ku riƙa ƙirgawa da ƙarfi, kowa ya ji."

Babban dogari ya ce, "Ɗaya!" Hular Korau ta nutse.

"Biyu!" Aka ji salatinsa yana fitowa a daƙushe, da irin muryar nan da rijiyar ke maido wa Kuluwa.

"Uku!" Salatin ya tsaya. Igiya ta soma rawa.

"Huɗu!"

Sai ihu ya taso daga cikin duhu, irin wanda ba a mantawa. "Ku tsaya! Don Allah ku tsaya! A na biyar ya mutu! A na biyar zakaran ya daina motsi! Ku ja ni!"

Rijiyar ta maimaita maganar sau biyu, sa'an nan ta yi shiru.

Aka jawo shi, ya zube a ƙasa, carbin ya tsinke ya zube cikin rijiyar. Alƙali ya ce, "Ka kwantar da hankalinka, ba ka wuce ƙulli na uku ba. Baki ne ya ƙirga huɗu, igiya ba ta motsa ba. Da sassafe na zo na zura fitila, na ga inda ta mutu. Ni fitila ce ta gaya mini na biyar. Kai wa ya gaya maka?"

Korau ya kifa fuskarsa a ƙasa. Ya faɗi yadda ya fito da zakaran matacce, ya binne shi a gindin marke, ya kamo wani daga akurki. "Kwana bakwai, Malam! Da albasar ta ƙone. Na ce mutum ai ba kaza ba ne, ƙila su jure."

Aka tona gindin marke, aka tarar da jajayen fuka-fukai da ƙashi.

Malam Ukashatu ya miƙe, abin da ba ya yi a shari'a. Ya ce, "An kawo mini ƙarar wanda ya ce babu Allah, kuma na same shi. Ranar da ka binne zakaran nan, Korau, ka duba gabas, ka duba yamma, ka ga babu mutum, sai ka ce babu mai gani. Ranar ka faɗa, da hannunka. Da aka mutu kuma, sai ka tuna da Shi, don kana neman wanda zai ɗaukar maka kaya."

Ya juya ga Kuluwa. "Ke kuwa, 'yata, kin tambayi ina Yake ranar Laraba. Gargaɗi ya hau igiyar nan tun ranar Talata. Mutum ne ya karɓa ya binne."

Kuluwa ta share ido ta ce, "To me ya hana Shi busar da harshen Korau kafin ya ce ya fito?"

Alƙali ya dubi rijiyar. Sa'an nan ya ce, "Wannan ban sani ba. Na yi karatu har idona ya dushe, ban kai nan ba, kuma ba zan yi miki ƙarya a bakin rijiyar da ƙarya ta ci mutum uku ba. Amma kwana ashirin kina takowa cikin rana kina zuwa rigima. Ban taɓa ganin wanda ya yi fushi haka da wanda babu shi ba. Koma ɗakinki ki cika takabarki. Ki ci gaba da tambayarSa, sai dai ki tambaya a kan tabarmar salla. Ƙasan rijiyar nan babu komai sai iskar da ta kashe su."

Sai ta je gindin marke, ta kwance igiyar da ɗanta ya ƙulla, ta naɗe ta a hannu, ta tafi gida. Ko ta sami amsa, ko ba ta samu ba, ba a faɗa mana ba. An dai ce ba a sake ganinta a lambun da rana tsaka ba.

Shi kuwa Korau, ga abin da ya rasa. Lambun duka ya koma hannun Kuluwa da marayun Tanimu. Shanunsa goma sha ɗaya da rumbunansa uku suka bi, diyyar rai uku, ba su ma isa ba. Aka haramta karɓar shaidarsa har abada, ko a kan ɓatan akuya. Sahun gaba ya rufe masa, ba da umarnin kowa ba, mutane ne kawai suka daina matsa masa. Aka kuma sa shi ya cike rijiyar shi kaɗai, kwando bayan kwando, gaba goma sha biyu, wata huɗu yana yi. Albasar da ya yi dominta kuwa, ko guda bai cira ba.

Saboda haka, kafin ka tsawata wa mai kukan da ya tambayi ina Allah yake, tsaya ka duba ko kai ne ka binne abin da Allah ya aiko masa.