Gawar Tanimu a Ƙasar Tailan

Ku gyara zama, tunda an idar da la'asar kuma shayin bai nuna ba. Abin da na zo muku da shi yau shari'a ce, in na kai ƙarshe ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

Kun san a ƙuruciyata na yi fataucin duwatsu. Mukan sayi shuɗin dutse a hannun masu haƙa a tsaunin Mambila, mu ƙunshe a takarda, mu kai ƙasar Tailan, wani gari da ake kira Cantaburi, inda ake goge shi a sa a zobe. A zamanin nan mu 'yan Arewa mun kai ashirin a garin. Ran Juma'a in an sauko masallaci sai mu taru a ɗakin mutum ɗaya, a tuƙa tuwon shinkafa, a kaɗa miyar kukar da wani ya ɓoyo a jaka daga gida, ana laluben sashen Hausa a rediyo. Wanda ya fi kowa hannun miya a cikinmu shi ne Tanimu, mutumin Keffi. Dogo ne, mai yawan dariya, in ya ɗaga dutse ya duba a rana sai ya faɗa maka ramin da aka haƙo shi.

Da kasuwa ta ja baya muka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da zan taho na ce masa, "Tanimu, ka zo mu tafi." Ya ce, "Ilu, yi gaba. Sai na haɗa abin da zan shiga Keffi da shi ba kunya." Bai haɗa ba. Ya koma wani ƙauye nesa da gari, ya kama ɗaki a bayan rumfar wata tsohuwa mai sayar da taliya da romo, ya daina neman kowa. Shekara ashirin da shida ya yi a ƙasar. Wata safiya ciwon ƙirji ya kama shi, kafin azahar ya cika a asibiti. Mayar da gawa gida kuɗin gida guda ne a Keffi, kuma babu ma wanda ya san a ina danginsa suke. Asibiti suka ce in kwana bakwai suka wuce ba mai shi, za a haɗa shi da gawarwakin da ba a san masu su ba.

Mutum uku ne suka tsaya masa. Ta farko ita ce Bunsi, tsohuwar mai taliya, mabiyar addinin Buda. Shekara goma sha ɗaya yana ɗebo mata ruwa yana gyara mata rufin rumfa, ita kuma ta ware masa tukunya daban saboda ba ya cin alade. Ta san yana salla, amma ba ta taɓa ganin jana'izar Musulmi ba. Abin da ta sani kawai, mutumin kirki ba a barinsa ya tafi ba rakiya. Ta je gidan ibadarsu ta tambayi kuɗin ƙona gawa. Aka ce mata akwai ta kwana ɗaya, a ƙona a tashi, wannan ba tsada. Akwai ta kwana uku, da akwati mai sanyi, da furanni, da malamansu masu yafa mayafi ruwan goro suna karatu, da abincin baƙi, ita kuwa bat dubu arba'in ce a kuɗin ƙasar, cinikin rumfarta na wata huɗu. Aka ce tunda baƙo ne ta yi masa ƙaramar. Ta ce, "Irin wadda na yi wa mijina zan yi masa." Ta cire sarƙar zinaren da mijin ya saya mata, ta sayar, ta kai mai unguwa ya tsaya mata, ta karɓo gawar a rana ta shida. Da ba ta yi haka ba, da Tanimu ya ɓace cikin waɗanda ba su da suna.

Na biyu shi ne Tawin, mai kula da ɗakin ƙona gawa a gidan ibadar. Ba malami ba ne, ma'aikaci ne, a kan kowace gawa ake biyansa. Da ya buɗe akwatin don ya shirya mamacin, sai ya ga tabon salla a goshi, ga carbin da Bunsi ta damƙa masa a hannu. Shi kuwa a samartakarsa ya yi aikin jirgin kamun kifi a kudancin ƙasar tare da Musulmi, ya ga yadda suke binne nasu. Ya je wurin babban malaminsu ya ce, "Wannan mutumin ba na wuta ba ne. Hannuna ba zai kunna masa ba." Dattawan wurin suka ce an riga an biya, an gayyaci mutane, an yi cefane. Ya ce ya yafe ladan aikinsa, a mayar wa tsohuwa abin da ba a kashe ba, a ba shi kwana uku. Babban malamin ya yarda. Tawin ya ɗauki hoton mamacin ya hau babur zuwa Cantaburi. Limamin garin ya ce kabari ba matsala, amma takardar da aka bayar ta ƙonawa ce, 'yan sanda ba za su canja ta ba sai ɗan ƙasarsu ya zo ya shaida shi. Fataken da ke kasuwar a lokacin duk sababbi ne, ba wanda ya gane fuskar. Sai wani tsohon mai goge dutse ya gane shi, ya ce mamacin yana da wani aboki a Bankok, babban birnin ƙasar, sunansa Mati. Tawin ya yi tafiyar awa biyar cikin ruwan sama, yana bin shago shago da hoto a aljihu, har ya same shi. Da bai yi haka ba, da Tanimu ya zama toka.

Na uku shi ne Matin nan, mutumin Gusau, ɗaya daga cikin 'yan tuwon Juma'armu. Shi da Tanimu sun ɓata a kan wani dutse, shekara goma sha huɗu ko gaisuwa ba ta haɗa su. Kuma takardar zamansa ta ƙare tun da daɗewa, a ɓoye yake riƙe da ɗan shagonsa na kayan yara, yana aiko wa iyalinsa abin tuwo. Ya san in ya tsaya gaban 'yan sanda da fasfonsa zamansa ya ƙare. Abokan shagonsa suka ce ya bari a nemi wani. Ya ce, "Wani wa? Duk ƙasar nan ni kaɗai na san sunan ubansa." Ya rufe shago ya bi Tawin. Ya shaida, ya sa hannu, ya roƙi arzikin a ba shi yini ɗaya kafin a tsare shi. Shi ya wanke Tanimu da hannunsa, ya naɗe shi a likkafanin da Bunsi ta saya da ragowar kuɗin sarƙarta, ya tsaya a sahun farko aka yi salla, ya shiga kabarin ya kwantar da shi yana fuskantar alƙibla. Bunsi da Tawin suna tsaye a bakin shinge. Washegari aka tsare Mati, ya yi wata biyu a kulle, aka sako shi jirgi da kayan jikinsa. Da bai yi haka ba, da kwana ukun Tawin sun cika ba takarda, a koma kan wuta.

Mati ne ya kawo wa Yaya Tasalla labari a Keffi, yayar Tanimu, wadda ita kaɗai ta rage masa. Ya kawo mata hular Tanimu da Bunsi ta ba shi. Tana juya hular ta ji abu mai tauri a cikin naɗin, ta farke, sai ga shuɗin dutse ɗaya kamar ƙwayar gyaɗa. Ta aiko aka kira ni na duba. Na ce mata wannan zai sayi gona, amma in an fasa shi uku ya zama tsakuwa.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Malam Ilu, ni ƙanena nake jira, ba dutse ba. Ban wanke shi ba, ban raka shi ba. Ka kai wa wanda ya fi yi masa a cikin ukun nan."

Na ce, "Yaya, a sayar a raba mana."

Ta ce, "A'a. Abinsa ne ɗaya tak, hannu ɗaya zai shiga."

Duka ukun suna raye. Bunsi na nan a rumfarta, wuyanta ba sarƙa. Tawin an rage kiransa aiki tun daga ranar. Mati yana Gusau yana tsaron shagon wani. Ba wanda ya nemi komai a cikinsu, ba wanda ma ya san da dutsen. Watan jiya Yaya Tasalla ta sake aikowa, ta ce jikinta ya yi nauyi, tana so ta ji an kai kafin ta kwanta dama.

To, ga ku nan, manya da yara. Wadda ta sayar da sarƙarta ta fanso gawar, ko wanda ya ƙi kunna wuta ya tafi neman dangi, ko wanda ya ba da zamansa don ya sa shi a ƙasa: hannun wa zan saka dutsen nan?