Manhajar da Ta Ce a Gaida Maigida

Akwai wani mutum wanda sana'arsa ƙera manhajar rubutu ta kwamfuta ce. Shi da abokin aikinsa suka sa mata wata dabara: da zarar ka buga kalmar farko ta gaisuwa ko ta sallama, sai ta shimfiɗa maka sauran jimlolin da aka riga aka tanada. Da lokacin fitar da ita ga jama'a ya kusa, sai gardama ta tashi a kan saitin da za ta isa hannun mutane da shi. Ta riƙa zuba rubutun kai tsaye, ko ta nuna shi tukuna ta jira a amince?

Abokin ya ce, "Kai tsaye mana! Mutane sauri suke so. Wanda bai so ba, ya shiga saiti ya canza."

Mutumin ya ce bari ya fara zagaya waɗanda aka ba su ita don gwaji. Ya je wurin mai shagon buga takardu, ya je wurin wani malamin makaranta. Ba wanda ya taɓa buɗe saitin, ba su ma san da shi ba. Ai haka muke, yadda aka miƙo mana abu haka muke riƙe shi har ya tsufa a hannunmu.

Daga nan ya isa wurin Rifkatu, sakatariyar zumuntar mata a wata ikilisiya. Ya tarar da ita ranta a ɓace.

Ta ce, "Malam, abin nan naku ya sa ni jin kunyar da ban taɓa ji ba. Mijin Mama Kande ya rasu, na zauna rubuta mata ta'aziyya da sunan zumunta. Ina bugawa ina hawaye, ban ga abin da ya ƙara a ƙarshe ba, na aika. Ashe ya rubuta, 'Ki gaida mana maigida.' Ta karanta a gaban 'ya'yanta."

Mutumin kuwa shi ne ya tanadi jimlar nan da hannunsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya koma ya ce wa abokinsa, "Manhajar za ta nuna, ta jira. Haka za ta fita."

Abokin ya ce, "Haba! Kuskuren mace ɗaya? Za a ce tamu tana da nawa, a koma ta wasu."

Ya ce, "Su koma. Wanda ya ƙware, ya shiga ya kunna saurin da kansa. Amma mai kuka ba ya neman saiti. Ba zan sa hannu a kan wani abu dabam ba."

Abokin ya yi fushi, ya yi lallashi, mutumin bai motsa ba. Haka manhajar ta fita.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, kowannenmu yana da saitin da yake tafiya da shi. Shi ne abin da yake fita daga bakinka tun ba ka yi tunani ba, sa'ad da aka taka ka a kasuwa, ko yaro ya fasa maka kwano. Wani zagi ne a shirye, wani gunaguni, wata kuwa "Allah ya isa" ce a bakin harshe. Kada ka ruɗi kanka cewa za ka gyara idan lokacin ya zo. Ran wanka ba a ɓoyon cibi, ranar fushi kuma ba wanda yake tsayawa gyaran hali.

Saboda haka ku ƙudura tun yau, da addu'a, cewa bakinku zai dakata ya jira zuciya ta duba. Za a ce kun cika sanyi, wani ma ya riga ku magana ya ci gardama. Ku bar masa. Ku iyaye kuma, ku sani ku ne masu sa wa 'ya'yanku saitin farko. Kalmar da ɗanka ya ji ta fito daga bakinka yau da safe, ita zai faɗa wa matarsa wata rana, ba tare da ya san daga ina ta zo ba.