Kurege da Kawunan Doyar Tabawa

Ku matso kusa, 'yan jikokina. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wata tsohuwa mai suna Tabawa. Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba, rumbunta ya zama wayam. Abin da ya riƙe ta shi ne doyar daji da ke cikin kurmi. Da rani ganyen doyar bushewa yake, ba ka ganin inda take. Shi ya sa tun da damina Tabawa take ɗaura tsumma a jikin icen da doyar ta hau.

In ta haƙo, sai ta yanke kan doyar ta mayar cikin ramin, ta rufe, ta ce, "Kwanta, ƙawata, sai baɗi." Sauran ta yayyanka, ta dafa, ta zuba a kwando, ta jiƙa a rafi har ɗacin da dafin su fita.

To, maƙwabcinta Kurege, ɗan banzan kwaɗayi, yana leƙe. Ya ce, "Inna, abinci a rami?"

Ta ce, "Haka ake yi."

"Inna, abinci a rafi?"

"Haka ake yi."

"Inna, ni fa?"

Ta ce, "Jira ta jiƙu, ɗan nan, da rabonka."

Jira? Kurege? Tab! Ya bi tsummokara ɗaya bayan ɗaya, ya tone doyar kakaf, har kawunan da ta mayar. Kawunan sun yi masa tauri, sai ya ce zai ɓoye su inda tsohuwa ba za ta taɓa dubawa ba. Ya binne su a gindin dangarta. Sauran kuwa ya hau ci ɗanya, ƙurus-ƙurus.

Kai Sallau, cire yatsa daga hanci, ka saurara!

Kafin azahar duniya ta fara juya wa Kurege. Da Tabawa ta je kurmi ta ga ramuka fayau, sai ta zauna ta yi kuka, wallahi abin tausayi, don ba kai, ba doyar baɗi. Tana komowa ta tarar da ɓarawon a hanya, ciki ya kumbura, yana ta amai.

Ya ce, "Inna, zan mutu."

Ta ce, "Ba a ƙofata ba, ja'iri."

Ta goya shi a baya, ta ɗura masa ruwan tsamiya, ta yi jinyarsa har ya miƙe. Sannan ta ce, "Ina kawunan?" Kurege ya sosa ƙeya. Ciwo ya tafi da tunaninsa, ya manta sarai! Ya tona nan, babu. Ya tona can, babu. Ya tona gaba, babu. 'Yar doyar da ta rage a kwando ita suka raba, da ƙyar suka kai damina.

Ruwan farko ya sauka. Wata safiya Tabawa ta fito, sai ga ganyen doya shar ya nannaɗe dangarta, daga wannan kusurwa har waccan.

Kurege ya gyara wutsiya ya ce, "Inna, ai da gangan na yi, don na ga ƙafarki tana ciwo."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ja kunnensa ta ce, "Maƙaryaci! Zo ka ci."

Shi ya sa har yau kurege yake binne abu ya manta. Ku kuwa, in kun haƙi doya, ku mayar da kanta, kuma kada ku ci sai ta jiƙu.

Ƙurunƙus, kan doya ya koma rami!