Malam Sikeli da Takarda Mai Shafi Biyu

A wata jami'a an yi wani mutum, ya 'yan uwa, malami ne, ɗalibai suka laƙaba masa suna Malam Sikeli. A bayan idonsa suke faɗa. A gabansa kuwa sai "ranka ya daɗe".

Yadda yake duba jarrabawa ne ya jawo masa sunan. Idan aka kawo masa takardun amsa, sai ya shige ofis ya murza makulli. Ya ɗauki takarda, ya ɗora a tafin hannu, ya ɗan jijjiga. Mai nauyi ta ci. Marar nauyi ta faɗi. Ya rubuta maki a bango da jan biro, ya jefa gefe, ko buɗewa ba ya yi. Yakan ce wa ransa ɗalibai sun yi yawa, ido kuma biyu ne kacal.

Ba wanda ya taɓa ganinsa yana yi, amma sakamako ya tona shi. Manyan ɗalibai suka riƙa gaya wa ƙanana, "Kai dai cika takarda. In ilimi ya ƙare maka, ka shiga labarin ƙwallo, ba mai tsayar da kai."

Wata shekara jami'a ta tara malamai bita, don a gyara koyarwa da duba jarrabawa. Aka ce malami ya tsara abin da yake nema a kowace amsa kafin ya fara dubawa. Aka ce a daina sa suna a bangon takarda, sai lamba. Aka ce ɗalibi na da ikon neman a sake duba masa. Malam na kujerar baya, ƙarƙashin fanka. Tun ba a kai rabi ba ya miƙe.

"Ni za a koya wa aiki?" ya ce da na kusa da shi. "Rabin masu surutun nan ni na yaye su."

To, yana da 'ya, Auta, wadda ya fi so cikin 'ya'yansa. Shi ya kama hannunta tana ƙarama ya koya mata rubutu, har rubutunta ya ɗauko karkatar nasa. Ta girma ta shiga sashen da yake koyarwa. Darasinsa dole ne, kuma wanda ya faɗi shi, sashen zai sallame shi.

Ƙawayenta suka ce, "'Yar Sikeli, ke ma ki cika takarda, lamba ba ta san uba ba."

Ranta ya ɓaci. Ta ce, "Babana yana karantawa. Hassada ce ke damun ku."

Ta shiga jarrabawa ta rubuta abin da aka tambaya, ba ƙari. Shafi biyu.

Da aka kafe sakamako, lambarta na cikin waɗanda suka faɗi.

Malam ya karɓi lambar daga wurin Auta, ya koma ofis, ya rufe ƙofa. Ya tono takardar daga ƙasan tuli, sakayau kamar ganye. Ya buɗe. Layin farko kawai ya gani ya gane hannun. Ya karanta har ƙarshe bai sami inda zai ɗiga jan biro ba. Sai ya jawo wata mai nauyi, wadda ya ba maki mafi yawa. A shafi na uku mai ita ya bar darasi, ya koma ba da labarin yadda aka ci su a bugun fanareti.

Ina mafita, ya 'yan uwa? Maki ya riga ya bar hannunsa, ba ya canzuwa sai da bayani. In Auta ta nemi a sake dubawa, kwamiti zai ɗauki tata ya haɗa da wasu daga tulin ya gwada. In ya yi shiru, an sallami 'yarsa. In ya yi magana, shi aka sallama. Ofishin da ya saba kulle kansa ciki don ya huta, ranar nan ya ji kamar bangon na matso shi.

A gida matarsa ta ce, "Malam, ka bar yarinyar nan ta nemi a sake duba mata mana. Ko abinci ba ta ci."

Ya ce, "'Yar cikina ta kai ƙarata? Da wane ido zan dubi mutane?"

Ya kira Auta ya ce ta rungumi ƙaddara. Ta ce, "To, Baba." Wa'adin ƙorafi ya wuce tana ɗaki. Aka sallame ta.

Ya zaci ya tsira. Ashe akwai doka guda da aka faɗa bayan ya fice daga bitar: ƙarshen zango, wani malami daga wata jami'a zai zo ya zaro takardu daga kowane tuli ya karanta. Baƙon ya zo, ya zaro, ya ci karo da ƙwallo. Aka buɗe tulin duka. Aka buɗe na bara. Kafin wata ya ƙare an karɓe makullin ofis daga hannun Malam.

Aka mayar da Auta karatu, don tata ce ta fi ta kowa. Safiyar da za ta koma, ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa ta gaishe shi. Ya amsa gaisuwar. Ta ce, a hankali:

"Baba, shafi biyu ne fa. Da ka buɗe, da ka ga rubutunka."

Ta tashi ta tafi.

Har yau yana ɗakin nan. Ba ya son fita, don duk titin da ya bi sai ya haɗu da wanda ya auna. 'Yarsa na gaishe shi safe da yamma, ba ta taɓa fashi ba. Daga gaisuwar kuma ba ta ƙara komai.

Ya 'yan uwa malamai, takardar da ke gabanka amana ce. Bayan kowace lamba akwai ɗan wani, ko da ba naka ba ne. 'Ya'yan mutane nawa ya kayar kafin abin ya zo kan tasa? Wa ya bi musu haƙƙinsu? In aiki ya fi ƙarfinka, ka faɗa a taimake ka. In aka kira ka gyara, ka zauna har a tashi. Kada ka sa hukunci a kan abin da ba ka karanta ba, domin akwai ranar da za a buɗe taka takardar, shafi bayan shafi.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar da aka damƙa mana, ya sa mu gyara tun ƙofa na buɗe. Amin.